Ravenna, garin da fadama ta tsare

Tambaya: Assalamu alaikum. A darasin tarihi na ga an ce sarkin Rumawa ya bar manyan birane ya tare a Ravenna, gari a tsakiyar fadama. Me ya kai shi can, kuma me ya rage a garin yau? Daga wata ɗaliba a Argungu, Jihar Kebbi.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Tsaro ne ya kai shi. Ravenna tana arewa maso gabashin Italiya, a yankin Emilia-Romagna, kudu da inda kogin Po ke shiga tekun Adriyatik. A da ruwa da laka ne suka kewaye ta, kamar yadda fadamar gulbin Kebbi ke cika da damina, doki da mahayinsa su kasa ratsawa. Shi ya sa Sarki Honoriyus ya ɗauke fadarsa daga Milan zuwa can a shekarar 402, lokacin da mayaƙan Goth, wata ƙabila ta Jamusawan da, suka matsa. Ga kuma ƙofa ta teku: tun zamanin Agustus, sarkin Rum na farko, akwai tashar jiragen yaƙi a Classe, daf da garin.

Tashar nan yau tudu ce. Yashi da laka da koguna ke kwasowa sun cike ta, gaɓar teku ta ja baya da kilomita da dama, sai wata hanyar ruwa da aka haƙa, Candiano, ke haɗa garin da teku.

A Ravenna ne Odowasa, wani jagoran mayaƙa, ya tuɓe sarki na ƙarshe na Rum ta Yamma a 476. Tiyodorik, sarkin Goth na gabas, ya ƙwace garin a 493, sojojin Kustantiniya, babban birnin Rum ta Gabas, suka karɓe shi a 540. Kabarin Tiyodorik yana nan, rufinsa dutse ne guda mai faɗin fiye da mita 10.

Abin da ya fi cancantar kallo, a ganinmu, adon bangon cocin San Vitale ne, wanda aka keɓe a 547. Ana yanka gilashi mai launi ƙanana-ƙanana, a dasa cikin farar ƙasa tun tana ɗanya. Na zinariya kuwa, siririn ganyen zinariya ake matsewa tsakanin gilashi biyu, a ɗan karkata kowane guntu domin ya kama haske. UNESCO ta sa gine-gine takwas na garin cikin kayan tarihin duniya a 1996.

Ruwan da ya kare garin yana cin gine-ginen yanzu. Ƙasar na nutsewa a hankali, janyo ruwa da iskar gas daga ƙarƙashinta ya ƙara hanzarta hakan. Danshi na hawa bango ɗauke da gishiri, gishirin ya bushe ya ɓalle shafen. Ɗakin ƙarƙashin cocin San Francesco ma ruwa ya cika shi, har kifi ke yawo a ciki.