Tambayi Likita: Yaya jiki ke jawo wa huhunsa ruwa?

Tambaya: Salamu alaikum likita. Ɗana mai shekara 2 ya yi mura da shigowar hunturu, bayan kwana uku sai zazzaɓi da haki. A asibiti suka ce ciwon huhu ne, wai kuma jikinsa ne da kansa ya tara ruwan da ke hana shi numfashi. Yaya jiki zai cuci kansa? Daga wata uwa, unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama, Allah ya ba shi lafiya. Gaskiya suka faɗa miki.

Can ƙarshen hanyoyin iska akwai ƙananan jakunkuna, a huhun babba sun haura miliyan 300. Bangon da ya raba iska da jini a wurin ya fi fatar albasa siranta nesa ba kusa ba, ta nan oksijin ke ratsawa. A cikin jakunkunan akwai ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira makurofaj, su ne masu gadi. Ƙurar hunturu da hayaƙin murhu, su ke haɗiye abin da ya kai can, shiru ba hayaniya.

Idan ƙwayar cuta ta yi musu yawa sai su yi kururuwa, kururuwar kuwa sinadarai ce da ake kira sitokin. Daga cikinsu, TNF da IL-1 suna gaya wa bangon jijiyar jini ya yi danƙo, ya kuma ɗan buɗe. IL-8 shi ke kiran nutrofil, fararen ƙwayoyin jini masu saurin kai ɗauki. Cikin awoyi kaɗan sai su manne a bangon, su kutsa ta tsakani, su bi sawun sinadarin har inda cutar take. IL-1 da IL-6 kuma suna bin jini su sa ƙwaƙwalwa ta ɗaga zafin jiki, zazzaɓin ke nan.

To ƙofar da aka buɗe wa nutrofil, ta nan ruwan jini ke biyo su ya cika jakunkunan. Dafin da suke watsa wa cutar shi ma yana ƙona bangon. Ruwan kuma yana ɓata wani maiƙo da ke hana jakunkunan mannewa, sai wasu su lotse. Oksijin ya ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta ce a ƙara saurin numfashi.

Wannan saurin kina iya ƙirga shi a gida. Ki ɗage masa riga yana kwance ba ya kuka, ki ƙirga tashin cikinsa minti ɗaya cur. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne numfashi 60 ga jariri ƙasa da wata 2, 50 daga wata 2 zuwa 11, 40 daga shekara 1 zuwa 5. Ya kai haka, a kai shi likita ranar. Idan ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa, ko ya kasa sha, ko leɓensa ya sauya launi, kar a jira gari ya waye. Na'urar auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa idan ta nuna ƙasa da 90, oksijin yake bukata.

Tambaya: Tunda garkuwar jiki ce ke ɓarnar, me zai hana a sha deksametazon, maganin rage kumburi, a kwantar da ita? Daga wani ɗalibi a Mirriya.

Amsa: Kul, ɗan'uwa. A 2020 an tabbatar cewa miligiram 6 a rana, har kwana 10, yana rage mutuwa ga masu korona da ke kan oksijin. Waɗanda ba sa bukatar oksijin bai amfane su ba. Wanda ya saye shi wurin mai tallar magani, zafin jiki na iya sauka amma cutar na nan tana yaɗuwa. Ciwon huhun bakteriya ga yara amoksisilin ake ba shi, kuma a shanye adadin kwanakin da likita ya rubuta. Da cutar ta mutu, makurofaj ke cinye matattun nutrofil su saki IL-10, saƙon a tsagaita, bangon ya tsotse ruwan a hankali. Shi ya sa tari kan ɗauki makonni bayan zazzaɓi ya tafi.