Ku Tambayi Anti: "Ina son tuƙa jirgin sama, amma wa zai biya min kuɗin?"

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki taimaka ki amsa min. Gidanmu a Palladan yake, tun ina ƙarama ƙananan jiragen nan na makarantar Abiyeshan suke zagaye ta saman gidanmu, in ina wanke-wanke sai na saki kwano na ɗaga kai har Umma ta gaji da min faɗa. Bana na gama sakandare kuma Alhamdulillah ina da kiredit a lissafi da fiziks da Turanci. Baba ya ce shi bai hana ni ba amma ko gidan zai sayar kuɗin ba zai kai ba. Sai naji ance akwai sikolashif na mata zalla a ƙasar waje, da gaske ne? Ta ina zan fara?
Daga 'yarki a Palladan, Zariya

AMSA: Wa'alaikumussalam 'yata. Da gaske ne akwai, amma bari in faɗa miki abin da masu tura saƙo a WhatsApp ba sa faɗa, yawancin sikolashif ɗin nan ba na wadda take tsaye a bakin get bane, na wadda ta riga ta sa ƙafa a ciki ne. Tsani guda suke ɗora ki, ba sa ɗaukarki daga tsakar gida su dire ki a kujerar kyaftin.

Babba a cikinsu ita ce ta ƙungiyar Ninety-Nines. A 1929 aka kafa ta a Amurka, lokacin mata 117 ne kacal ke da lasisin tuƙin jirgi a ƙasar, aka gayyace su duka, 99 suka amsa, shine sunan ya bi su har yau. Amelia Earhart ce shugabarsu ta farko, bayan ta ɓace a tekun Fasifik a 1937 suka buɗe asusun tallafi da sunanta, tun 1941 ake bayarwa. To wannan tallafin sai kina da lasisi tukuna kuma kin yi shekara guda a ƙungiyar, abin da suke biya shi ne mataki na gaba, kamar koyon tuƙi da na'ura kawai idan ba a ganin waje ko tuƙa jirgi mai inji biyu. Suna da wani ƙarami na ɗalibai sabbin shiga, shi ma sai kin riga kin zama ɗalibar tuƙi, kuma kashi-kashi ake sakin kuɗin, kin tsallake mataki a ba ki, 'yan dubban daloli ne, ba zai kai ki ƙarshe ba amma wallahi ba kuɗin rainawa bane. Sai ƙungiyar Women in Aviation International wadda ta fara taronta a 1990, ita tata ta fi faɗi, akwai na matuƙa, akwai na injiniyoyi da makanikai da sauransu, kuma tana da reshe a nan Najeriya, sai dai ita ma sai mamba take ba. In kuma jirgi mai saukar ungulu ne a ranki, nasu daban ne, Whirly-Girls, tun 1955.

Kinga kenan kuɗin farko a gida ake nemansa. Wanda na sani yana ɗaukar nauyin kwas gaba ɗaya a ƙasar nan gwamnatocin jihohi ne da rundunar sojan sama, wani lokaci kamfanonin jirage ko wani mai hali da Allah ya taɓa zuciyarsa. Gwamnatin Kano zamanin Kwankwaso ta taɓa tura ɗalibai 100 Jodan koyon tuƙi, dan haka ba abu bane da ba a taɓa yi ba. Ki je hukumar bada tallafin karatu ta jiha da takardunki, ki rubuta wa ɗan majalisarku, kuma ki sani takardar admishan a hannu ta fi dogon labari tasiri, wanda zai taimaka yana so ya ga akwai gurbin da ke jiranki.

Amma tun kafin duk wannan, ki yi medikal. Na sa shi a tsakiya ne dan kar ki tsorata amma shi ne na ɗaya. Duk mai son tuƙin jirgin haya sai ya ci gwajin lafiya mai daraja ta ɗaya wajen likitan da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya wato NCAA ta amince da shi, ba kowane likita ba, za a duba ido da kunne da zuciya da hawan jini da suga. Gilashi ba ya hana tuƙi in dai yana gyara ganin, abin da ya fi kada mutane shi ne rashin bambance kala, mutum sai ya girma bai san yana da shi ba sai an buɗe masa littafin nan mai ɗige-ɗige ance karanta lamba. Abin daɗin shi ne wannan matsalar ta fi yawa a maza nesa ba kusa ba. Ki san matsayinki kafin Baba ya fara zuwa gaban mutane yana cire hula.

Sannan kada ki raina makarantar da take bayan gidanku, abin nan ne na Bahaushe, mai abu ba ya ganin girman abinsa. Tun 1964 aka kafa ta da haɗin gwiwar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya wato ICAO, kuma mutane daga wasu ƙasashen Afirka suna zuwa karatu. A nan Kyaftin Chinyere Kalu ta koyi tuƙi, ita ce mace ta farko 'yar Najeriya da ta samu lasisin tuƙin jirgin haya, a 1981, ta zauna tana koyarwa har ta zama shugabar makarantar a 2011. Blessing Liman, mace ta farko matuƙiya a sojan saman Najeriya, 'yar Zangon Kataf ce nan jiharmu, ita ma ta nan ta bi. Tafiyar dai mataki-mataki ce, lasisin ɗaliba, lasisin tuƙa jirgi na ƙashin kai daga shekara 17, na haya daga shekara 18, babban lasisin kyaftin kuma sai kin kai 21 kin tara awa 1,500 a sama. Kuma ki shirya haƙuri, ke da kanki kin san in hazo ya sauko Zariya sai a yi kwanaki ba ki ji ƙarar jirgi ba, kwas ɗin yakan ja fiye da yadda aka tsara, mai ɗaukar nauyinki ya san da wannan tun farko.

Ki gaida min Baba, ki ce masa kar ya sayar da gida.

TAMBAYA: Anti an turo min saƙo wai an zaɓe ni a tallafin Amelia Earhart na dala 10,000, in tura kuɗin fom da na biza zuwa wani akawun kafin Juma'a. Ni dai ina aji biyu ne a jami'a. In tura?
Daga wata ɗaliba a Samaru

AMSA: Kar ki tura ko sisi ƙanwata. Kin taɓa cike fom ɗin? In ba ki nema ba ta yaya aka zaɓe ki? Wayon da suka yi shi ne sun ɗauko sunan abu na gaskiya, akwai tallafi mai wannan sunan na ƙungiyar Zonta tun 1938, amma na mata masu digirin digirgir ne a injiniyancin jirage da kimiyyar sararin samaniya, ba na tuƙi bane kuma ba na 'yar aji biyu ba. Ƙungiyoyin gaskiya kuɗin zama mamba kawai za ki biya, a shafinsu na intanet, ba a akawun wani mutum ba, kuma galibi makaranta suke biya kai tsaye. Ki bulokin lambar, ki faɗa wa 'yan ajinku dan na tabbata ba ke kaɗai aka tura wa ba.

TAMBAYA: Hajiya barka da aiki. Ni malamin makaranta ne kuma uban 'ya'ya mata huɗu. Ina ganin ana ta raba wa mata matuƙa lambar yabo, ni kuma sai nake ganin biki ne kawai na manya a otal, me zai ƙara wa yarinyar da ke Tudun Wada? Kuma anya wannan aikin ya dace da 'yar Musulmi?
Daga wani malami a Tudun Wada

AMSA: Malam barka kadai, Allah ya raya mana su. A rabin maganarka ina tare da kai, akwai lambobin da daga hoto sai ƙwallon gilashi a kan tebur, an gama. Amma ba duka ba. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta fara bada nata a 2019, kowanne da dala 25,000, kuma a shekarar farko wadda ta ci na matasa 'yar Kamaru ce maƙwabciyarmu, Fadimatou Noutchemo Simo, saboda ƙungiyar da ta kafa mai shiga makarantu tana nuna wa yara cewa akwai aiki a harkar jirage. Akwai kuma kambun Katharine Wright a Amurka, sunan ƙanwar 'yan'uwan nan biyu da suka fara tashi da jirgi a 1903, malamar makaranta ce kamarka, ita ta riƙe musu gida ta yi jinyar ɗayansu da ya faɗo da jirgi a 1908, shi ya sa ake ba da shi har ga wanda ya tsaya wa wasu suka kai. Wannan ya fi burge ni gaskiya. Kuma ka tuna har yanzu a matuƙa 100 a duniya mata ba su wuce biyar zuwa shida ba, yarinya in ba ta taɓa ganin mace a kujerar ba ba za ta ma kawo abin a ranta ba, kai malami ne ka fi ni sanin haka.

Batun dacewa kuma, ni ba malamar addini bace, fatawa sai ka nemi masu ita kuma Zariya ba a rasa su ba. Abin da zan iya ba ka tarihi ne. Mace ta farko a ƙasashen Larabawa da ta samu lasisi 'yar Masar ce, Lutfiya al-Nadi, a 1933, ba ta da kuɗin makaranta sai ta karɓi aikin sakatariya da amsa waya a makarantar tuƙin ana biyanta da darasi, da farko ma mahaifinta bai sani ba, mahaifiyarta ce ta rufa mata asiri, ka ga gara kai a zo maka da maganar a fili. Hanadi al-Hindi 'yar Makka ta yi nata karatun a Jodan ta gama a 2005. A nan gida Kafayat Sanni ta zama mace ta farko mai tuƙa jirgin yaƙi a watan Oktoban 2019, rana ɗaya aka liƙa musu fiffike, wato bajon zama matuƙiya, ita da marigayiya Tolulope Arotile ta jirgi mai saukar ungulu.

In damuwarka kwanan waje ne da yawan tafiya, wannan damuwa ce ta gaskiya kuma matan da ke aikin ma suna maganarta, to harkar ba tuƙi kaɗai bace, a Abiyeshan ɗin nan ana koyar da masu ba jirage hanya daga hasumiya da injiniyoyin gyara da masu kula da na'urorin sadarwa, duk a ƙasa suke aiki su koma gida. Duk shekara wajen watan Satumba ana yin ranar 'yan mata a harkar jiragen sama, tun 2015 ake yi. Ka rubuta wa makarantar takarda da sunan makarantarku ka nemi izinin kawo ɗalibai ziyara, daga Tudun Wada zuwa Palladan kuɗin bas ɗaya ne, ka sa naka huɗun a ciki.