Yis ɗin ƙulli a leda da sauran tambayoyinku

Wata amarya daga Gusau ta rubuto: "Anti, sau uku ina kwaɓa fanke ba ya tashi. Dangin maigida za su zo ranar Juma'a, kunya nake tsoro. Ko hannuna ne ba shi da kyau?"

Kwantar da hankalinki, ƙanwata, hannunki lafiyarsa ƙalau. Yis abu ne mai rai, barci kawai yake yi a cikin ƙunshinsa. Idan ya samu ruwa mai ɗumi da sukari sai ya farka ya hau ci, yana fitar da iskar da ke kumbura kwaɓin. Abin da na fi zargi shi ne ruwanki. Yawancin amare suna sauke ruwa daga wuta su zuba, alhali da zafi ya kai digiri 60 yis ya mutu, kuma ba ya dawowa. Ɗumin da yake so bai wuce 35 zuwa 40 ba, wato irin ruwan da za ki yi wa jariri wanka da shi. Tsoma yatsa: idan sai kin yi saurin janyewa, surka shi.

Kafin Juma'a ki yi wannan gwajin. Rabin kofi na ruwan ɗumi, ƙaramin cokali na sukari, ƙaramin cokali na yis, ki juya ki ajiye minti 10. Mai rai zai yi kumfa ta taso kamar kan dafaffiyar madara, ki ji ƙamshin burodi. Idan ruwan ya tsaya shiru da ɗan laka a ƙasa, zubar da shi tun bai ci miki fulawa ba. Kada kuma ki zuba gishiri a kansa kai tsaye, ki fara gauraya gishirin da fulawar. In sanyi ake yi a wajenku, rufe robar da kyau ki kai ta rana, ki ƙara mata lokaci. Za ki fita kunya, in sha Allahu.

Wata mai sana'ar masa daga Azare ta ce: "Babban ƙunshi na rabin kilo ya yi min tsada, shi ya sa nake sayen na ƙulli a leda wurin masu kayan miya. Akwai laifi?"

Akwai, Hajiya, kuma wannan magana ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Kin taɓa tambayar kanki me ya sa babban ƙunshin yake da tauri kamar bulo? An zuƙe iskar cikinsa ne kaf, domin iska da laima da zafi su ne ajalin busasshen yis. Ranar da aka farke shi kika ji ya saki, daga ranar ƙarfinsa ya fara raguwa. To mai tebur ya farke, ya ɗiba da cokali ya ƙulla a farar leda, ya jera kusa da magi da kori, rana tana dukansa tun hantsi har la'asar. Yaushe aka buɗe shi? Ba ki sani ba. Kwanan watan lalacewarsa fa? Ya tafi da ƙunshin da aka yar. Lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya? Babu. Ko tsantsarsa ne ko an yi masa algus, ledar ba za ta gaya miki ba.

Na gani da idona a gidan biki. An jiƙa shinkafa kwano huɗu tun dare, an kai inji an markaɗo, an sa irin wannan yis ɗin. Gari ya waye ƙullu yana nan kwance yadda aka bar shi, ko ƙwayar kumfa babu. Aka ɗora tanda a haka, masa tana fitowa a daskare tana shan mai. Ki lissafa kuɗin shinkafar a yadda kwano yake yanzu, da kuɗin niƙa, da mai, da itace. Duk don a rage 'yan canjin da ba su kai kuɗin albasar da aka yanka a ciki ba. Araha ba ta ado, kuma ke mai sana'a kin fi kowa asara, don wanda ya ci masa mai nauyi sau biyu ba zai gaya miki ba, zai koma wurin maƙwabciyarki ne kawai.

Tunda kullum kina suya, babban ƙunshin ne naki. Matsa shi kafin ki biya: in ya yi laushi, iska ta shiga, ajiye musu kayansu. Duba kwanan wata, ki guji wanda rubutunsa ya goge ko aka manna wata takarda a kai. Idan kin buɗe, juye shi a busasshiyar kwalba mai murfi, ki sa a firji in akwai wuta, in babu ki nemi lungu mai sanyi nesa da murhu, kuma jiƙaƙƙen cokali kada ya shiga. In kuɗin ya yi nauyi, ku haɗa ku biyu ku raba a ranar da kuka saya. Mai yin fanke jefi-jefi kuwa, ƙananan fakiti na giram 11 sun fi mata, ta buɗe ta ƙarar.

Wani ɗalibi daga Zariya: "In na zuba yis ninki uku, kwaɓin zai tashi a minti biyar?"

Gaggawar me kake yi? Zai tashi da wuri, ya faɗi da wuri, ya yi wari da ɗan ɗaci, ga asarar yis. Giram 11 ya isa rabin kilo na fulawa har da rara. In minti biyar gare ka, sayi ƙosai.

Wani magidanci daga Maraɗi: "Na ji an ce da yis ake yin giya. Hankalina bai kwanta da burodi ba."

Malam, tambayarka tana kan hanya, kuma abin da ka ji gaskiya ne: jinsin yis ɗin burodi da na giya ɗaya ne. Duk inda ya ci sukari yana fitar da iska da ɗan barasa. Masu burkutu suna barin ruwan tsirarriyar dawa ya kwana yana tsima, don barasar suke nema. Mai burodi iskar yake nema, awa ɗaya ko biyu ya kai wuta. Barasa tana tafasa a digiri 78, ƙasa da ruwa, don haka mafi yawan ɗan abin da ya samu yana bin tururi. Burodi da gurasa da masa ba sa bugarwa ko nawa mutum ya ci. Hukuncin kuwa na malamai ne, ka kai musu bayanin nan yadda yake.

Wata daga Kumasi tana tambaya ko bekin foda zai maye gurbin yis. A kek da cincin shi ne ma ya dace. A funkaso da fanke da gurasa a'a, don ba ya ba da danƙo da ƙamshin da ake nema. Ki jira a buɗe kanti ki sayi yis.