Wace hanya ta fi dacewa da sabon mai hawan Dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya?

Malam, ka tambaya ko hanyar Marangu za ka bi tunda an ce ta fi sauƙi. Shawarata, ka ɗauki hanyar Machame ta kwana 7.

Marangu tana da ɗakunan kwana a Mandara da Horombo da Kibo, sauran hanyoyin kuwa sai tanti. Matsalarta, masu yi mata kwana 5 suna kai jiki sama bai gama sabawa da ƙarancin iskar shaƙa ba. Ƙololuwar dutsen, wato Uhuru, tsayinta mita 5,895 ne, kuma abin da ya fi mayar da mutane baya shi ne ciwon kai da amai da rashin barci da tsayin ke jawowa. A Machame akwai ranar da za ka hau zuwa wani tsauni da ake kira Lava Tower, wajen mita 4,600, sannan ka sauko ka kwana a sansanin Barranco, kusan 3,900. Wannan hawa da saukowar ne ke horar da jiki. Washegari sai bangon Barranco, inda za ka ajiye sanda ka kama dutse da hannu, amma ba sai da igiya ba.

Ranar hawa ƙololuwa, da tsakar dare ake tashi daga sansanin Barafu. Ruwa kan daskare, don haka ka cusa gorarka cikin riga. Ka sha lita 3 zuwa 4 kullum, ka yi tafiyar hawainiya. In ka fara tangaɗi, ko numfashi ya gagara kana zaune, ka sauko nan take.

Dokar Tanzaniya ta hana hawa ba tare da jagora mai lasisi ba. Ka je tsakanin Yuni da Oktoba, ko Janairu da Fabrairu. Afrilu da Mayu ruwa ake tafkawa.