Tambaya da Amsa: Tsohuwar Laftof Gare Ni, Wane Gem Zan Buga?

Tambaya: Salam Yaya. Ni ɗalibi ne nan Katsina, akwai wata tsohuwar laftof da wana ya bar mani, ram ɗinta giga 4 ne. Abokaina kullum hirarsu GTA da FC, ni ko in na saka sai ta yi ta ƙugi kamar injin markaɗe. Wani ya ce in gwada waɗanda ake ce ma indie. Don Allah suna da daɗi ko maneji ne kawai? Daga wani ɗalibi, Ƙofar Marusa.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Ba maneji ba ne wallahi. Indie ana nufin gem ɗin da mutum ɗaya ko 'yan tsirarun mutane suka haɗa da kansu, babu wani ƙaton kamfani da ya zuba masu kuɗi yana faɗa masu abin da za su yi. Ko Minecraft da yara ke ta bugawa a waya haka ya faro a 2009, wani ɗan Suwidin ne Markus Persson ya fara shi, a 2014 Microsoft ta saye kamfanin kan dala biliyan 2.5.

Wanda zan fara tura ka wajensa shi ne Stardew Valley. Mutum ɗaya ne ya yi shi, Eric Barone, shi ne zane, shi ne kiɗa, shi ne labari, ya shafe sama da shekara huɗu yana fama kafin ya fito da shi a 2016. Labarin kuwa kamar na gida, kakanka ya bar maka gona duk ta zama daji, sai ka yi sharar gona ka yi shuka ka yi ban ruwa, ka kiwata kaji da awaki, ka je kamun kifi, abin da ka girbe ka sayar ka ƙara jari, kuma kowane yanayi kwana 28 ne, in ka yi shuka a makare yanayi ya juya shukar ta bushe ka yi asarar kuɗin iri. Ni da na gudo daga noman gidanmu sai ga ni ƙarfe biyun dare ina lissafin kuɗin iri a kwamfuta, Allah Ya kyauta. Akwai alade cikin dabbobin, ba wanda ya ce dole ka saya. Girmansa bai kai giga ɗaya ba, ba ya buƙatar intanet bayan ka sauke, kuma akwai shi a waya. Matsalarsa ɗaya, Turanci da yawa.

In ba ka son karatu to nemi Limbo na 2010, baƙi da fari ne, yaro cikin daji, ba mai ce maka uffan, kai za ka gano hanya da kanka. Vampire Survivors kuma kyauta ne a waya. Sai Hollow Knight na 2017 da wasu 'yan Ostireliya suka yi, amma fa sai mai haƙuri, dodo ɗaya zai iya kashe ka sau ashirin, kuma laftof ɗinka na iya ɗan nishi a kansa.

Yanzu manyan gem, irin na manyan kamfanoni. Ba zan yi maka ƙarya ba, abin da ɗaruruwan ma'aikata suka yi shekaru suna ginawa daban yake, in ka ga doki na sukuwa a Red Dead Redemption 2 sai ka tuna hawan sallah. Amma wannan gem ɗin wurin giga 150 yake nema a kwamfuta, ka lissafa kuɗin data, ka lissafa sau nawa za a ɗauke wuta kafin ya gama sauka. Sababbinsu yanzu dala 70 ake sayarwa, Stardew da Hollow Knight kuwa kowane dala 15. Kuma tsada ba ta hana shirme, Cyberpunk 2077 da ya fito a Disamban 2020 matsaloli sun yi masa yawa har Sony ta cire shi daga shagonta na wasu watanni. FIFA ma da ya koma FC a 2023, a ganina duk shekara tuwon ne dai ake ɗumamawa a sake miya.

Inda suka fi ƙananan shi ne taro. Ba majalisar da za ta zagaye ka tana ihu don kana ban ruwan dankali, amma Madrid da Barca hannu biyu, ai sai an kira magariba ake tashi. Don haka ƙwallo ka bar ma gidan gem, ka biya na wasa biyu uku ka more da abokanka, laftof ɗin kuma ka bar ta da abin da za ta iya ɗauka.

Ka yi hattara da gem ɗin da ake tura ma mutane a filash a shagunan waya, sau da yawa da bairos suke zuwa. Ka fara da Vampire Survivors a waya yau tunda ba ko sisi, in ka samu mai katin da ke biyan dala sai ya saya maka Stardew a Steam, wato shagon sayar da gem na intanet, ka jira lokacin ragi na ƙarshen Disamba ko na Yuni.