Tambaya da Amsa: Wa ya ɗora wa cocinmu kason Konbenshan?

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce daga Kudancin Kaduna, ina aiki a wani asibiti a Jidda. Duk wata nakan tura zakkata gida, zuwa cocinmu na Baftis. Kwanan nan ma'aji ya ce mini ba duka kuɗin ke zama a hannunsu ba, ana cire wani kaso a kai wa Asosiyeshan (haɗakar ikilisiyoyin yanki) da Konbenshan (haɗakar ikilisiyoyin ƙasa baki ɗaya) don aikin bishara. To ai an koya mana kowace ikilisiyar Baftis mai cin gashin kanta ce. Wa ya ɗora mana wannan haraji? Har wata abokiyar aikina, Bahaushiya haifaffiyar Makka, ta tambaye ni ko muna da namu Fafaroma, na rasa ta cewa.

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da aiki. Ki gaya wa abokiyar taki ba mu da shi. Ikilisiya ce ke kiran fastonta, ita ke zaɓen dikinoninta, ita ke yanke shawara a kan kuɗinta a taron membobi. Kason da ma'aji ya ambata ba daga sama aka aiko da shi ba, ikilisiyoyin ne suka amince da shi ta bakin wakilansu. Gayya ce: kowa da gonarsa, amma ranar babban aiki sai a haɗa fartanya.

Dalilin kuwa a fili yake. Cocin ƙauye mai mutum sittin ba za ta iya biyan mai bishara na shekara guda ba, balle ta gina makarantar tauhidi. A 1792, a garin Kettering na Ingila, wasu fastocin Baftis suka zauna suka kafa ƙungiyar mishan. Abin da suka yi alkawarin bayarwa a ranar fam 13 ne da sule 2 da sisi. Da wannan aka fara, shekara na zagayowa William Carey, wanda a da ɗinkin takalma yake yi, ya kama hanyar Indiya. Thomas Bowen da ya iso ƙasar Yarbawa a 1850 shi ma ba coci guda ce ta aiko shi ba, haɗakar ikilisiyoyin Baftis na jihohin kudu na ƙasar Amurka ce, wadda aka kafa a 1845.

Su Amurkawan ma sai da suka sha wuya kafin su gane. A da kowace hukuma, ta mishan ce ko ta makaranta ko ta marayu, tana tura nata mai roƙo coci-coci. Wanda ya iya zance ya cika jaka, wanda bai iya ba ya koma hannu rabbana. A 1925 suka ce a'a, kowace ikilisiya ta zuba kasonta a asusu ɗaya, a raba bisa kasafi. Irin wannan tsari ne ake bi a Najeriya, inda aka kafa haɗakar a Ibadan a 1914, ta ɗauki sunan Konbenshan na Baftis na Najeriya a 1919. Kuɗin yana zuwa matakai uku: Asosiyeshan na ikilisiyoyin yanki, Konfarens mai haɗa Asosiyeshan da dama, sannan Konbenshan. Daga nan ake ɗaukar nauyin 'yan mishan a gida da waje, da makarantun horar da fastoci irin ta Ogbomoso da ta Kaduna.

Sai dai kada in yi miki rufa-rufa. Konbenshan na Najeriya yana da ƙarfin faɗa a ji, musamman wajen horar da fastoci da naɗa su, don haka ikilisiyar da ta daina ba da kasonta takan ji a jikinta. Akwai kuma manyan cocin birni da ke riƙe kuɗinsu su yi nasu mishan su kaɗai don sunansu ya fito, har a wayi gari coci biyu suna gini a ƙauye ɗaya, na gaba da shi ba kowa. A ganina wannan babbar ɓarna ce.

Game da inda kike: a Saudiyya ba a ba da izinin gina coci, kuma doka ta hana wa'azin wani addini ban da Musulunci. Babu Asosiyeshan a can, kada kuma ki yarda wani ya sa ki tara kuɗi da sunan mishan ko raba takardu. Ki tura riyal ɗinki ta banki, da sunanki, kamar yadda kika saba.

Amma tunda ke memba ce, kina da haƙƙin ganin lissafi. Ki roƙi ma'aji ya ɗauko miki hoton rasit ɗin da ake ba coci duk lokacin da ta biya kasonta, da rahoton kuɗi da ake karantawa a taron membobi, ya turo ta WhatsApp. Ki kuma tambayi fasto wane fagen bishara Asosiyeshan ɗinku ke kula da shi, mai bishara nawa ne a wurin, kuma yaushe rabon a biya su. In an ce miki sai an duba, ki sa wata dattijuwa ta zumuntar mata ta tayar da zancen a taro na gaba.