Kwalba ɗaya ta raba ni da gidan da na yi wa girki shekara 6

Ɗana, saƙonka ya iso tun shekaranjiya. Ban amsa ba ne saboda layin ƙarshe ya ɓata mini rai. Ka ce an ba ka aikin liyafar Kirsimeti a gidan wasu Turawa, uwargidan tana son shinkafar cushe irin wadda ake ci da talotalo, amma kada alkama ta kusance ta, kuma kada a sa komai da ya fito daga jikin dabba. Kana tambayar me zai riƙe ta tunda babu burodi, babu ƙwai. Wannan tambayar mai hankali ce. Sai kuma ka ƙara da cewa za ka ɗan ɗiga mata soya sos, baƙin ruwan ɗanɗanon nan mai gishiri na kwalba, da dunƙule biyu don ta yi daɗi, wai ai ba wanda zai sani.

Zauna ka ji wanda ya sani.

Lokacin da nake Abuja na yi shekara 6 ina girki a gidan wasu Amurkawa. 'Yarsu ƙarama tana da cutar da ake kira siliyak. Mai wannan cuta idan ya ci gulutin, wato sinadarin nan mai danƙo da ke cikin alkama da sha'ir, jikinsa da kansa ne ke juyawa ya yaƙi hanjinsa. Ba iyayi ba ne, ba kuma tsirfar masu kuɗi ba ce. Likitoci na cewa kusan mutum 1 cikin 100 yana da ita. A Amurka ba a yarda a rubuta "babu gulutin" a jikin abinci ba sai abin da ke ciki bai kai miligiram 20 a kilo guda ba. Ka auna da kanka ko "ɗan ɗigawa" zai tsallake wannan ma'auni.

A shekara 6 ɗin nan, kafin ranar da zan ba ka labarinta, yarinyar ba ta taɓa kwanciya saboda girkina ba, ko sau ɗaya. Uwar takan ce da baƙinta ta fi yarda da kicin ɗina a kan na danginta.

Sai bikin godiyarsu ya zo, wanda ke faɗowa Alhamis ta 4 a watan Nuwamba. Baƙi wajen 30 aka gayyata, a cikinsu akwai mata biyu da ba sa cin nama, ba sa shan madara, ko zuma ba sa taɓawa. Uwargida ta ce in yi cushe ɗaya da yarinyar da matan nan za su ci tare, kada a ware kowa a tebur. A lokacin ina amfani da wani soya sos irin na Japan da ake ce wa tamari, wanda aka rubuta a jikinsa cewa babu alkama. Yawancin soya sos da ka sani da waken suya da alkama ake haɗa shi, ka riƙe wannan. Namu ya ƙare, sai ta ba mai yi wa gidan sayayya kuɗi ya je babban kanti ya sayo. Yana da tsada, ya ninka na gama-gari sau da yawa.

Ranar Laraba da yamma ya ajiye mini kwalba a kan kanta. Na ɗauka, na ga murfin a ɓalle. Na tambaye shi, ya ce Madam ce ta buɗe ta ɗanɗana. Na shinshina, hancina ya gaya mini wannan ya fi sirantaka, gishirinsa ya fi kaifi. Talotalo biyu na jirana, ga kabewa, ga dankali, ga yaran da nake koya wa aiki sun tsaya suna kallona. Madam tana sama, taku ashirin ne tsakanina da ita. Ban hau na tambaye ta ba. Na yi wa rogo kallon kitse, na zuba cokali 4.

Abincin ya yi kyau, har baƙi suka sa aka kira ni falo aka tafa mini. Yarinyar ta ci, ta ƙara. Kafin sha biyun dare ta fara amai tana riƙe ciki, da asuba tana asibiti ana ƙara mata ruwa.

Da maigidan ya dawo ya sa aka fito da duk abin da ke kicin aka jera a kan tebur, aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan kwalbar, uwargida ta ce ita ba ta buɗe komai ba. Mutumin nan ya dube ni ido cikin ido, ya rantse da Allah cewa a rufe ya kawo ta, ni ne na sayar da na ciki na ɗura na banza. Shi yana jin Turanci kamar ruwa, ni nawa na kicin ne. Kafin in haɗa jimla ɗaya ya yi goma. A ranar aka karɓi makullin baskwata daga hannuna. Kuɗin liyafa ban gani ba, albashin watan ban gani ba. Gidaje 3 da suka riga suka ba ni aikin Kirsimeti duk suka janye cikin mako guda, domin Turawan Abuja a tebur ɗaya suke cin abinci, magana ba ta kwana a tsakaninsu. Abin da na yi asara a watan nan ya isa in sayi sabon babur har in yi canji. Na riga na biya kafin alƙalami na talotalo 5 a wata gona, haka na bi na sayar da su a faɗuwa.

Bayan wata biyu mai kula da shukokin gidan ya same ni, ya ce shi ya ga mutumin a bayan baskwata da mazurari yana juye wata kwalba cikin tsohuwar tamu da ya tsinto a shara. Na ce me ya hana ka faɗa? Ya ce yana da 'ya'ya 7. Ban zage shi ba. Amma wancan ya ci gaba da zama a gidan har suka koma ƙasarsu, na ji ma har takardar yabo suka rubuta masa. Kuɗin na daɗe da mantawa da su. Abin da ke ci mini rai har gobe shi ne yarinyar nan, wadda ke shigowa kicin ta zauna kan buhun shinkafa tana koyon ƙirga da Hausa, ta tafi da sanin cewa ni na cuce ta. Mutane na ce mini tsautsayi ne. Ba tsautsayi ba ne. Hancina ya faɗa mini gaskiya, na ƙi hawa bene.

To kai da ka ce ba wanda zai sani, ka ji.

Ku yaran yanzu matsalarku ɗaya ce: komai sai kun ɓare leda kun zuba. Kun kalli bidiyon minti ɗaya a waya kun zama shugabannin kicin. Wanda ya koya mini aiki, wani tsohon kuku da ya yi rayuwarsa a gidajen Kwarori a Kano, sai da na yi wata 4 ina yanka masa albasa kafin ya bari na taɓa tukunya. A wurinsa na fara ganin cushen shinkafa marar nama, wanda Kiristocin Labanan ke ci lokacin azuminsu: shinkafa da tumatir da na'a-na'a da lemon tsami da man zaitun, a cusa cikin ganyen inabi ko kabeji. Babu dunƙule ko ɗaya, kuma mutane na lashe faranti.

Dunƙule ka ajiye shi. Wasu akwai garin alkama a ciki, wasu akwai kitsen kaza ko na sa, kuma rubutun jikinsu sai da tabarau. Haka garin kori da haɗaɗɗen yaji na kasuwa, akwai masu ƙara musu fulawa don auki. Ka sayi masoro da kanumfari da kirfa ɗinka 'ya'yansu, ka daka a wankakken turmi. Kada ka kuskura ka kai injin niƙa na unguwa, ba ka san ko alkamar funkaso aka niƙa kafin kai ba. Taliyar nan siririya da Larabawa ke soyawa su haɗa da shinkafa ita ma alkama ce, haka kuskus. Man shanu, madara, ƙwai, zuma, romon kaza, duk babu.

Ɗanɗanon daga abu uku zai fito. Na farko albasa: manya guda 3, a man zaitun ko man gyaɗa mai kyau, wuta ƙasa-ƙasa, minti 20 zuwa 25 har ta yi ruwan zuma ta yi zaƙi. Wanda bai da haƙurin wannan ya bar girki ya koma sayar da kati. Na biyu naman kaza, wanda ke tsirowa nake nufi, kuma ka yi wa uwargida bayanin sunan tun wuri kada wani ya fassara mata ta ɗauka kaza ka sa. Na kanti za ka saya, ba na tsinta a daji ba. Ka soya shi daban a kasko mai zafi, kada ka cika kaskon, kada ka sa gishiri sai ruwansa ya ƙone ya yi ja. Na uku shi ne sirrina tun bayan abin da ya faru: daddawar kalwa. Rabin ƙaramin cokali, a gasa ta kaɗan, a daka, a narka cikin romon ganye. Duk abin da soya sos ke yi wa abinci daddawa na yi, kuma ka san daga bishiyar ɗorawa ta fito. Ka saya wurin wadda ka sani, ka tambaye ta ko ta barbaɗa wani gari. Ban taɓa ba Bature ita ya gane ba, sai dai ya ce me ka sa haka.

Romon ganye ba sai na koya maka ba. Wanke shinkafa ma haka.

Amurkawa na son a haɗa da abin da suke kira shinkafar daji, baƙa doguwa, wadda ke fita a tafkunan Minesota, mutanen Ojibwe na asalin wurin suna kaɗe ta da sanduna daga cikin kwalekwale. Idan uwargida ta kawo, ka dafa ta ita kaɗai, domin tana cin minti 45 zuwa awa guda kafin ta tsage. Gwangwani 1 nata, gwangwani 4 na basmati. Idan babu, kada ka damu, basmati ko tsayayyar shinkafarmu ta wadatar. Ka dafa ta da romon, ka sauke tana da sauran ƙarfi a tsakiya, tunda za ta sake shiga oben. Ka baza ta a faranti ta sha iska.

Yanzu ga amsar tambayarka. Cushen Turawa na asali busasshen burodi ne da seleri da albasa da ganyen seji, romo da ƙwai su riƙe shi. Kai da ba ka da su, ka ɗebi ludayi biyu na shinkafar ka mayar wuta da ƙarin romo, ta dahu luguf kamar za ka tuƙa tuwo, ka dame ta da muciya. Ka haɗa da cokali 3 na gasasshiyar kabewa da ka murje. Wannan shi ne ƙwanka. Ka juya shi cikin sauran a hankali, da hannu, har ka ga idan ka dunƙula ta tsaya, idan ka taɓa da cokali ta watse. In ta zama tuwo ka yi yawa. Kuma muciyar ta zama sabuwa, domin katako na riƙe fulawa a tsaginsa, wanki ba ya fitar da ita duka. Haka rariya, haka katakon da ake yanka burodi a kai.

Sai seleri da tuffa ɗaya a yanka ƙanana, soyayyen kashu, zabibi, seji da tayim. Turawa kan sa wasu jajayen 'ya'yan itace masu tsami na ƙasarsu. Ni zoɓo nake jiƙawa, in tsane, in yanka ƙanana, in ɗan dafa shi da sukari. Launi ɗaya, tsami ɗaya, kuma kuɗinsa bai kai na ruwan leda ba. Ka tambaya tukuna ko akwai wanda kashu ko gyaɗa ke yi wa illa a cikin baƙin.

Kada ka cusa ta cikin talotalo. Na ga wani yaro ya yi haka, ya kwaso daga cikin tsuntsun ya miƙa wa marar cin nama yana murmushi. Cikin kabewa za ta shiga. Ka nemi mai nauyi, mai busasshen hanci, ka yanke mata hula, ka kwashe 'ya'yan, ka shafe cikin da mai da gishiri, ka gasa ta ita kaɗai a zafi digiri 180 na ma'aunin Salshiyos kamar minti 35. Sannan ka zuba shinkafar ba tare da dannawa ba, ka mayar da hular, minti 25, ka cire hular ka ƙara 10 don saman ya yi ƙawa-ƙawa. A layin sama na cikin oben za ta zauna, talotalo da duk wani abu mai fulawa a ƙasa, don kada komai ya ɗiga mata. Ta fita da cokalinta na kanta, kuma ka tsaya kusa da tebur ka ga ba a ɗauke shi an tsoma a miyar nama ba. Dafaffiyar shinkafa ba ta wuce awa 2 a waje, in ta ragu sai firij.

Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ka karɓi aikin, don haka da ƙafarka za ka je kasuwa, ba aike ba. Duk kwalba ko leda da za ta shiga tukunyar nan ka kai wa uwargida a rufe, ta karanta da idonta, ka buɗe a gabanta. Wadda ka samu a buɗe, ko waye ya ce shi ya buɗe, ka ajiye ta gefe.

Ka zo ranar Asabar bayan sallar asuba da kabewa ɗaya da gwangwani biyu na shinkafa, ka yi a gabana in gani tun kafin ranar. Ka taho da wuƙarka a wase, wayar kuma ta zauna a aljihu.